Yadda ɓarin jikin Baffana ya shanye a zafin azumin 2024

Ranar Alhamis 4 ga Afrilu 2024, azumi na 25, wajen ƙarfe uku da rabi na rana Baffana ya miƙe daga kan benci a rumfarsa zai yi alwalar la'asar, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya sunkuya zai ɗauka kawai sai ya tafi gaba ɗaya ya zube a tsakanin buhunan gero. Yaron shagonsa ne ya kira ni, muryarsa na rawa, yace "Yaya ka zo, Baba ya faɗi kuma maganarsa ba ta fita." Na daɗe ina so in rubuta wannan lamari tun daga tushe, saboda har yau in an tashi ba da labarin a cikin dangi sai a ce abu ne da ya faɗo rana ɗaya, alhali ni da nake kusa na san ba haka ba ne, kusan wata guda abin yana haɗuwa a gabanmu muna kallo.

Baffa ƙanin mahaifina ne, lokacin shekararsa 68, hatsi yake sayarwa a wata kasuwar unguwa a nan Kano. Mutum ne mai ƙarfin jiki, bai taɓa shan taba ba, goro ne dai ba ya rabuwa da shi. Shekara tara kenan da aka ce yana da hawan jini, an ɗora shi kan magani kala biyu, ɗaya amlodipine ɗaya kuma ƙaramar ƙwaya wadda ake ce wa maganin fitsari, mai rage ruwa da gishiri a jiki. Yana sha ba laifi, in ka cire lokutan da zai ce ai ya ji sauƙi ya ajiye sai an yi masa magana.

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris. A satin farko ya ajiye maganin fitsarin da kansa, dalilinsa kuma wallahi ba na banza ba ne, yace yana busar masa da maƙogwaro da rana, da dare kuma yana hana shi riƙe alwala a tarawihi. Da ya je wurin likita ya faɗi haka da an duba an sauya masa lokacin sha ko an canza masa wani, domin su ma likitocin sun san irin wannan ƙwaya tana ƙara ƙarancin ruwa ga mai azumi a zafi, amma bai je ba, mu ma ba mu sani ba. Daga baya ɗaya maganin ya ƙare, ya aika kemis aka ce kuɗinsa ya tashi, a shekarar kowa ya san yadda farashin magani ya yi, sai yace a bari bayan Sallah. Wato kusan sati biyu kafin ya faɗi babu ko ƙwaya ɗaya ta hawan jini da ke shiga cikinsa. Wadda ke shiga kullum ita ce diclofenac, saboda ciwon gwiwa, don ya iya tsayuwar tahajjud a goman ƙarshe. Wannan maganin da 'yan uwansa irin su ibuprofen suna ɗaga jini, kuma suna wahalar da ƙoda musamman in jiki ba ruwa, mu kuwa gani muke ai maganin ciwon jiki ne kawai.

Sai maganar ruwa, wadda ita ta fi tsaya min a rai. Inna, matarsa, ita ta faɗa min daga baya cewa da sahur ko rabin moɗa ba ya shanyewa. Ɗumamen tuwo da miyar kuka, shayi kofi ɗaya, ɓarin goro, shikenan. In tace "Malam ka ƙara ruwa mana" sai yace shi ba ya jin ƙishirwa, kuma in ya sha da yawa fitsari zai dame shi a kasuwa. Duka biyun gaskiya ya faɗa. Tsufa yana rage jin ƙishirwa, dattijo zai iya bushewa sosai jikinsa bai gaya masa ba, ga shi ƙodarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta matashi, guminsa ma ba ya fita da sauri ya sanyaya shi. Da buɗa-baki kuma abin da ake kawo masa lemon kwalba ne mai sanyi da ƙosai da kunu, ciki ya cika, ruwa na ainihi bai samu wuri ba. Daga nan masallaci, daga masallaci ɗakinsa mai rufin kwano ba silin, wanda ya wuni yana shan rana, ga ba wuta, fanka a tsaye, ya ɗan runtsa ya tashi tahajjud, ya yi sahur, gari na wayewa ya koma ƙarƙashin wani kwanon a kasuwa.

Duk wanda yake Arewa a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilun 2024 ya san zafin da aka yi, ma'auni yana haura 40 da rana, dare ma iska kamar daga bakin murhu take fitowa. Ba mu kaɗai ba ne, yankin Sahel ne gaba ɗaya. A garin Kayes na ƙasar Mali an auna digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, kwana ɗaya kafin faɗuwar Baffa, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Duk lokacin da na tuna wannan adadi sai in ga fuskokin dattawan layinmu, masu zama a inuwar darbejiya suna fifita da hula.

Abin da zafi ke yi wa jijiyoyin tsoho, kamar yadda likitan da ya duba shi ya warware min kuma na bi na karanta, shi ne in gumi ya yi ta zuba ba a mayar da ruwa ba jini yana raguwa ya yi kauri, saurin daskarewarsa ya ƙaru. A lokaci guda jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, zuciya ta ƙara gudu. Matashi zai jure wannan. Amma mutumin da hawan jini na shekaru ya riga ya cinye masa bangon jijiyoyi suka ƙuntata, gudan jini ƙarami ya isa ya toshe hanyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma wurin da jini bai kai ba cikin mintuna yake fara mutuwa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane nan magana take, shi ya sa hannun dama da ƙafar dama da harshen Baffa suka tafi tare. Ni fahimtata ita ce zafi ba shi ya gina ciwon ba, ya zo ne ya tarar da gini ya riga ya tsage.

To ga wurin da ni ma nake da laifi, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar Litinin, kwana uku kafin nan, na sha ruwa a gidansa. Muna zaune a tabarma kofin kunu ya faɗi daga hannunsa, ya buɗe baki zai yi magana harshe ya yi nauyi kamar mai magana cikin barci, na kalle shi naga gefen bakinsa na dama ya ɗan sauka. Inna ta yi ta masa fifita tana cewa wahalar azumi ce. Bai fi minti goma ba ya dawo daidai, har ya nemi a ƙaro masa kunun. Nace "Baffa ko mu je a auna ka yanzu?" yace "Kai ɗan nan, jiri ne kawai, saura kwana nawa a yi Sallah, in an sauke ma je." Na yi shiru, don nauyinsa nake ji. Ashe wannan shi ne ƙaramin shanyewar da ke zuwa ya wuce, gudan jini ya toshe ya kuma narke da kansa, kuma likitoci sun tabbatar cewa kwanakin farko bayansa su ne mafi hatsari. Da a daren nan muka je, da an auna jinin an ga inda ya kai, an mayar da shi kan magani, an ba shi na hana daskarewar jini, an ce ya ajiye azumi. Ba na cewa lallai da bai faɗi ba, ƙaddara ta Allah ce, amma dama ce aka ba mu a tafin hannu muka sake ta.

Ranar Alhamis ɗin kuwa, kafin in iso daga wurin aiki har an ɗauke shi a adaidaita sahu an kai shi gida maimakon asibiti. Na tarar da tsakar gida cike. Wani yace rana ce ta buge shi a zuba masa ruwa, aka zuba. Wata tace wannan shafa ce, ai faɗuwar la'asar ba ta banza ba ce, aka kawo hayaƙi aka fara tofi. Wani maƙwabci ya ɗago kansa ya ɗura masa ruwan sanyi wai a karya masa azumin, Baffa ya ƙware ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Aka kira wani yaro mai kemis ya zo ya auna, yace jinin ya hau sosai, ya rataya masa ƙarin ruwa a ƙusar bango, ya kuma kawo shawarar a daka aspirin a ba shi, Allah Ya sa ba ta haɗiyu ba aka haƙura. Kowa a wurin don ƙauna yake yi, ba wanda ya zo da mugun nufi, amma agogo yana ta tafiya. Aka ce a bari a sha ruwa tukun. Aka sha. Aka ce a jira babban wan su Baffa ya zo ya yanke hukunci. Sai wajen goma na dare muka isa emajensi, sama da awa shida bayan faɗuwarsa.

Ina so a bambance abu biyu a nan don mu a ranar mun cakuɗa su. Bugun zafin rana daban yake da shanyewar ɓarin jiki. Wanda zafi ya buge jikinsa ne zai yi zafi rau, ya kai digiri 40 ko fiye, ya rikice ko ya suma, shi wannan sanyaya shi da ruwa nan take shi ne ceto, ana yi ana tafiya asibiti. Shanyewa kuwa alamarta a gefe ɗaya take kuma farat ɗaya take zuwa, ka ce mutum ya yi murmushi ka ga baki ya karkace, ka ce ya ɗaga hannu biyu ɗaya ya sauka, ka ce ya faɗi sunansa magana ta harɗe, wani gani ne zai ɗauke masa ko tafiya ta gagara ko ciwon kai mai tsanani irin wanda bai taɓa ji ba. Baffa duk ukun farko yana da su ƙarara, jikinsa kuma ba wani zafi na fita hankali. Abin da ya kamata shi ne a duba agogo a riƙe lokacin, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki, a nufi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Addu'a a cikin mota ma tana yiwuwa, ba wanda ya hana.

A asibiti nas ta fara da awon suga, domin faɗuwar suga ma tana iya kwaikwayon shanyewa, musamman ga mai azumi. Nasa ba ƙasa ya yi ba, sama ma ya yi, a nan muka fara sanin ashe akwai ciwon suga da ba a taɓa ganowa ba, wanda shi ma yana sa yawan fitsari ya ƙara busar da mutum. Jini kuma 190 bisa 110. Tambayar farko da likitan ya yi min ita ce "Malam, ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe?" Da nace uku da rabi sai ya ɗan yi jim. Shi ya gaya min akwai allurar narkar da gudan jini amma cikin awa huɗu da rabi ake yinta, kuma sai an yi hoto an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Ba kowane asibiti ke da ita ba a wajenmu kuma tana da tsada, wannan gaskiya ne, amma yace ko ba allurar zuwa da wuri yana da rana, don a lura da jini da suga da numfashi da haɗiya tun kafin a yi ɓarna. Ya kuma ce aspirin ɗin nan da aka so a ba shi, da a ce jijiya ce ta fashe da ƙara zubar jinin za ta yi, kuma ba mai iya gane toshewa ce ko fashewa da ido, ko shi likita, sai hoto.

Washegari muka haɗa kuɗi aka yi siti sikan, wato hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna toshewa ce a ɓangaren hagu. Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya kama, aka ce ruwan da aka ɗura masa a gida wani ya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu, saboda shanyewa tana taɓa haɗiya. Aka sa masa robar abinci ta hanci. A gadon asibiti ya yi Sallah ranar 10 ga wata, muna jin kabbarar masu tafiya Idi ta taga, hawaye na bin gefen fuskarsa, yana so ya amsa ba hali. Kwanansa goma sha biyu aka sallame mu, daga nan aka shiga zaryar gashi.

Bayan hankali ya kwanta na ci karo da wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka buga a 2018. Sun duba masu shanyewar jiki sama da 2,000, kusan kashi 68 cikin ɗari toshewa ce, 32 fashewa, matsakaicin shekarunsu 59, kuma hawan jini shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 90 na alhakin ciwon. Sun kuma lissafa suga, yawan kitse a jini, ƙara gishiri a abinci, da rashin cin ganye. Wannan na ƙarshen ya ba ni mamaki don zogale da rama da alayyahu ga su nan a bakin ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace gishirin babba a rana kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, to ka lissafa dunƙule nawa ake jefawa a tukunyar miya ɗaya, ga gishiri, ga kanwa, ga yaji a gefe shi ma da nasa dunƙulen.

Akwai kuma maganar azumin kansa, wadda ake jin nauyin taɓawa. Baffa mutum ne da tun yana yaro bai taɓa shan azumi ba, a wurinsa ajiyewa kamar gazawa ce a gaban Ubangiji. Amma a Suratul Baƙara an yi wa mara lafiya rangwamen ramawa a wasu kwanaki, kuma malamai sun yi bayanin ciyarwa ga tsoho da mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa. Ba kowane mai hawan jini ne aka hana azumi ba, da yawa suna yi lafiya lau in jininsu a daidaice yake kuma likita ya tsara musu maganin tsakanin sahur da buɗa-baki. Amma wanda ya ga abin da muka gani ranar Litinin, wannan ba maganar jarumta ba ce kuma. Ni a ganina da limamin masallacinsu ne ya faɗa masa haka da ya ji, don maganar ɗan ɗan'uwa ba ta kai ta malam nauyi ba a kunnen dattijo, kuma da na yi tunanin haka a daren da na je na ɗauko shi.

Abin da muka canza a gidan ba wani abin kuɗi da yawa ba ne. Mun sayi na'urar awon jini ta batir, jikarsa ta koyi aunawa, safe da yamma tana rubutawa a littafin makaranta, likita yace in an ga jinin yana zarce 140 bisa 90 a kai a kai a dawo da shi, kada a jira ranar kilinik. Kuɗin magani mun raba shi tsakaninmu mu huɗu, ana saye tun saura sati ya ƙare. Diclofenac an kwashe daga ɗakin. Ruwa kuma ba a jiran ya ce yana jin ƙishirwa, akwai gora biyu da Inna ke cikawa daga randa da safe, tana bin sa da kofi kaɗan-kaɗan, tana kuma lura da kalar fitsari, in ya yi duhu kamar shayi ta san an yi baya. Sai dai mun tambayi likita adadin tukun, domin mai ciwon zuciya ko ƙoda wani lokacin ƙayyade masa ruwa ake yi, ba a ɗura masa yadda aka ga dama. Da bazara ta kama daga sha biyu zuwa la'asar yana zaure, wanda ginin ƙasa ne mai sanyi, da jiƙaƙƙen tawul a wuya da ƙafa a cikin baho, don in iska ta wuce digiri 40 fanka kaɗai zafi take hurowa, sai an jiƙa jiki take amfani. Ɗakinsa mun sa silin, da dare kuma a tsakar gida yake kwana cikin gidan sauro.

Azumin 2025 bai yi ba. Limamin muka roƙa ya zo har gida ya zauna da shi, suka daɗe, bayan ya fita Baffa ya kira ni yace a auno gero daga rumfa a fara ciyarwa. Yanzu yana takawa da sanda yana jan ƙafar dama, hannun bai dawo ba sai ɗan motsin yatsu, da hagu yake riƙe carbi. Maganarsa ta dawo amma a hankali, wani lokacin kalma takan ɓace masa ya tsaya yana nemanta. Babban ɗansa ne ke zama a rumfar, shi ma shekararsa 44, da muka matsa masa ya auna a na'urar gidan aka samu 150 bisa 95, an sake aunawa a asibiti an tabbatar, ya fara shan magani tun watan Shawwal na shekarar.